Tambaya da Amsa: Yadda Waya Ke Tantance Cajar da Ba Ta da Igiya

Wasiƙun da suka iso wannan fili a makonnin nan sun karkata ne ga abu ɗaya, wato cajar nan da ake ɗora waya a kanta ta yi caji ba tare da an jona igiya ba. 'Yan kasuwa suna ce mata wayales, ni kuwa zan kira ta faifan caji, domin siffarta ba ta da maraba da ƙaramin faifai irin wanda ake rufe ƙwarya da shi. Na zaɓi tambayoyi huɗu, na taƙaita wasu saboda ƙarancin fili.

Tambaya ta farko daga wani mai sayar da kayan waya ce da ke kusa da Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi. Ya ce: "Na sayar wa wani mutum faifan caji wanda aka rubuta wat 15 a kwalinsa. Bayan kwana biyu ya dawo da shi, ya ce wayarsa sabuwa ce amma tana kwana a kai kafin ta cika. Na ba mai gyara ya buɗe, bai ga abin da ya ƙone ba. Shin wayar ce ke da matsala ko cajar?"

Malam, mai yiwuwa ne babu wadda ta lalace a cikinsu. Akwai ƙananan dalilai da ya kamata ka fara kawarwa: kan cajar da aka jona faifan da shi yana iya zama mai rauni, rigar wayar tana iya yin kauri, ko kuma mutumin yana ajiye wayar a karkace. Haka nan wayoyin iPhone ba sa karɓar fiye da wat 7.5 a kan faifan Qi na gama-gari (Qi ita ce ƙa'idar da irin waɗannan faifai ke aiki da ita), komai lambar da aka buga a kwali. Idan ka kawar da waɗannan duka abin bai canja ba, to, akwai wani dalili da mai gyara ba zai gani da ido ba, domin ba ƙonewa ba ce: wayar ta nemi faifan ya gabatar da shaidarsa, ya kasa, sai ta ƙi amincewa da shi.

A cikin faifan akwai naɗin zaren tagulla, wanda masu gyara ke kira koyil, a bayan wayar ma akwai irinsa. Idan wuta mai kai da komo ta ratsa na farko sai ta haifar da ƙarfin maganaɗisu, shi kuma ya tayar da wuta a cikin na biyu. Michael Faraday ne ya gano wannan a Ingila a shekarar 1831. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, na'urorin biyu suna magana da juna ta wannan hanya ɗin. Waya tana cewa a ƙara mata wuta, ko a rage, ko a tsaya ta cika, faifan kuma yana bi. Ƙa'idar wannan zance ita ake kira Qi, ana furta ta "ci", kalmar Sinanci ce mai nufin ƙarfin da ke gudana a jiki. Wata ƙungiyar kamfanoni mai suna Wireless Power Consortium, ko WPC a taƙaice, wadda aka kafa a 2008, ita ta fitar da ita a 2010. A farko wat 5 kawai ake turawa, daga baya aka buɗe mataki na biyu da ya kai wat 15.

Da wutar ta ƙaru sai haɗarin ya ƙaru. Faifai mara inganci da ke tura wat 5 ba zai yi ɓarna mai yawa ba, amma wanda ke tura ninki uku na hakan, ba ya kuma jin waya idan ta ce ya isa, yana iya dafa batir. Kasuwa kuwa ta cika da jabu masu ɗauke da tambarin Qi da aka kwaikwaya, tun da buga tambari a kwali ba ya buƙatar komai sai injin ɗab'i. Saboda haka a 2021, cikin bugun ƙa'idar mai lamba 1.3, ƙungiyar ta wajabta cewa duk faifan da zai yi aiki a mataki na sama sai ya iya tabbatar wa waya asalinsa ta hanyar lissafin sirri.

Duk wanda ya taɓa neman takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma zai gane tsarin nan da nan. Mai unguwa ya shaide ka, dagaci ko hakimi ya shaidi mai unguwa, ofishin da ka kai wa takardar kuma ya riga ya san hatimin na sama, don haka ba ya buƙatar ya san ka. A nan ma hawa uku ne. Ƙungiyar WPC ce a sama, ita ta sa hannu a takardar kamfanin da ya ƙera faifan, kamfanin kuma ya sa hannu a takardar wannan faifai guda da ke hannunka, domin kowane faifai da tasa takardar. Ita wayar tun daga masana'anta an cusa mata abin da za ta gane sa hannun ƙungiyar da shi. Idan aka ɗora ta a kan faifai sai ta nemi takardun, ta bi su hawa hawa har ta tuƙe ga wanda ta sani.

Sai dai takarda kaɗai ba ta wadatarwa, tun da kowa na iya yin fotokofi. Shi ya sa wayar ke ƙara mataki guda. Tana ƙirƙiro wata doguwar lamba ta kan-mai-uwa-da-wabi, wadda ba ta taɓa amfani da ita ba kuma ba za ta sake ba, ta miƙa wa faifan ta ce ya sa hannu a kanta yanzu yanzu. Kamar ma'aikacin banki ne da ya ƙi karɓar takardar da ka sa wa hannu tun daga gida, ya ce ka sa a gabansa. Faifan yana sa hannun ne da wani mabuɗin sirri da ke ɓoye a cikinsa, wayar kuma tana duba sa hannun da abokin wancan mabuɗin, wanda ke rubuce a fili cikin takardar shaida. Idan sun dace, caji ya tafi da ƙarfinsa. Idan ba su dace ba, ƙa'idar ta bar wa kamfanin wayar ya yanke abin da za a yi, kuma abin da aka fi yi shi ne wayar ta tsaya a wat 5. Ina kyautata zaton wannan ne ya sami abokin cinikinka. Tsofaffin wayoyi da suka riga wannan tsari ba sa tambayar komai, don haka kada ka yi mamaki idan faifan ya yi sauri a kan wata wayar daban.

Shawarata gare ka, tun da sana'arka ce, ita ce ka daina dogara da rubutun kwali. Ƙungiyar tana da rumbun bayanai a intanet, buɗe ga kowa, inda ake jera duk na'urar da ta ci jarrabawarta, da sunan kamfani da lambar samfuri. Kafin ka sari katan guda, ka duba ko samfurin yana ciki. Ka kuma lura da dabarar masu kwali, waɗanda ke rubuta da Turanci cewa abin "yana aiki da Qi", maganar da ba ta nufin an tantance shi. Wanda duk ya ce maka yana jin Larabci bai ce maka ya sauke Alƙur'ani ba.

Tambaya ta biyu daga wata malamar makarantar sakandare ce a Unguwar Rimi: "An sha gargaɗinmu da kada mu jona waya a cajar tasha ko ta filin jirgi, wai ana satar bayanai. Na ga irin wannan faifai a kan tebur a wani otal da muka je taron bita. Shin shi ma zai iya kwashe hotunana ko ya shiga asusun bankina?"

Malama, gargaɗin da kika ji yana da tushe, amma a kan igiya yake. Igiyar USB tana ɗauke da hanyoyi biyu a cikinta, ta wuta da ta bayanai, shi ya sa da ita ake kwafe hotuna zuwa kwamfuta. Masu bincike sun nuna haɗarin hakan a wani taron masana tsaron kwamfuta a Amurka tun 2011, kuma ofishin hukumar FBI na birnin Denver ya sake jan kunne a kai a watan Afrilun 2023. Faifan caji ba shi da wannan hanya ta biyu. Zancen da ke tsakaninsa da waya na sha'anin wuta ne, ba a haɗa shi da ma'ajiyar hotuna ko manhajar banki ba, ga shi kuma da matuƙar nawa: waya tana aika masa kimanin ɗigon bayani 2,000 ne a daƙiƙa. Na zauna na lissafa don nishaɗi, na ga cewa ko da a ce hanyar a buɗe take, hoto ɗaya mai nauyin megabait 3 zai ɗauki sa'a uku da minti ashirin kafin ya ƙetare. Ɓarawon da zai jira wannan ya cancanci a tausaya masa.

Duk da haka ba zan ce miki babu komai ba, domin akwai wata fahimta da nake son gyarawa. Idan mutane suka ji an ce an sa lissafin sirri a caja, sai su ɗauka an rufe zancen ne yadda wani ba zai ji ba. Ba haka ba ne. Tantance mai magana daban, ɓoye abin da ya faɗa daban. Tsarin da na bayyana a sama aikin farko kaɗai yake yi. Saƙonnin "ƙara wuta" da "rage wuta" a fili suke tafiya, duk mai kayan aiki a kusa zai iya karanta su, kodayake ba su ƙunshi sirrinki ba.

Akwai kuma wata kafa da ta fi wannan ban mamaki. A 2021 masu bincike a Jami'ar Cornell ta Amurka sun nuna cewa yawan wutar da waya ke zuƙa yana hawa da sauka gwargwadon aikin da take yi, har ma wanda ya sa ma'auni a jikin faifan zai iya hasashen shafin intanet da ake buɗewa, musamman idan batirin ya kusa cika. Kamar maƙwabciyar da ba ta shiga kicin ɗinki ba, amma daga ƙarar turmi da ƙamshin da ke tashi ta san abin da kika ɗora. Wannan ba ya ba kowa lambar sirrinki ta banki, kuma gwaji ne na ɗakin bincike da aka yi a kan jerin shafukan da aka riga aka sani. A ganina, idan zaɓin da ke gabanki shi ne igiyar da ba ki san mai ita ba ko faifan da ba ki san mai shi ba, ki ɗauki faifan. Idan kuma hankalinki bai kwanta ba, ki bar wayar ta yi cajinta a kulle, ki ɗaga ta idan za ki yi harkar kuɗi.

Tambaya ta uku gajeruwa ce, daga wani ɗalibin fannin lantarki a Kwalejin Fasaha ta Kaduna: "Idan mabuɗin sirrin yana cikin faifan, me zai hana masu yin jabu su sayi na asali guda ɗaya, su karanto mabuɗin, su zuba a dubu?"

Ɗalibi, ka sa yatsa a kan inda masu tsara abin suka fi jin tsoro. Amsarsu ita ce, ba a yarda a ajiye mabuɗin a cikin aisin da ke gudanar da faifan ba, wato ɗan guntun lantarkin da ke zaman ƙwaƙwalwarsa, wanda mai ƙwarewa zai iya karantawa. Dole ne ya zauna a wata ma'ajiya ta musamman da aka tantance juriyarta ga masu kutse, galibi wani ɗan aisi ne daban wanda bai kai ƙwayar wake ba, kuma kamfanoni irin su Infineon da Microchip suna ƙera shi don wannan aiki. Mabuɗin ba ya fita daga cikinsa. Ana miƙa masa lamba ne ya sa hannu ya dawo da ita, kamar alƙalin da ba ya ba da aron hatiminsa, sai dai a kawo takarda gabansa.

Batun a gano mabuɗin ta hanyar lissafi kuwa, tun da ɗan fanni ne kai zan ba ka sunayen don ka bincika: sa hannun na ECDSA ne a kan lanƙwasar P-256, ana taƙaita saƙon da SHA-256, takardun kuma suna bin tsarin X.509, irin wanda burauzarka ke tantance shafin banki da shi. Yawan mabuɗan da za su iya kasancewa lamba ce mai gurbi 78, babu kwamfutar da ake da ita yau da za ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Naɗar amsar faifan asali don a maimaita ta ma ba ta da amfani, saboda lambar da waya ke bayarwa sabuwa ce kowane lokaci. Abin da ya rage wa mai jabu shi ne ya ciro aisin gaske daga faifan gaske ya dasa a nasa, wato ya sayi na asali ɗaya kafin ya yi jabu ɗaya, kuma babu ɗan kasuwar da zai yi wannan cinikin. Ka lura da wani abu kuma: tantancewar ta fuska ɗaya ce. Waya ce ke tuhumar faifai, faifai ba ya tuhumar waya. Sabon tsarin Qi2 da aka sanar a farkon 2023, wanda ya aro zoben maganaɗisu daga MagSafe na kamfanin Apple don waya ta riƙa zama daidai kan koyil, shi ma ya riƙe wannan sharaɗi na tantancewa.

Tambaya ta ƙarshe ita ta fi damuna, daga wata uwargida a Rigasa: "Faifan da ɗana ya kawo mini na kamfani ne mai suna, ba na bogi ba. Rannan na ajiye wayata a kai da daddare, ashe fil ɗin hijabina ya maƙale a ƙarƙashinta. Da na zo ɗauka sai da ya ƙona mini yatsa. Kan cajar da nake jona shi da shi na wata tsohuwar waya ne, kuma da janareto muke yawan amfani. Ina tsaron da ake faɗa?"

Hajiya, sannu, Allah Ya kiyaye gaba. Ƙarfin maganaɗisun da ke cajin waya ba ya bambance koyil da sauran ƙarafa. Duk ƙarfen da ya shiga tsakani, fil ne, makulli ne, ko zobe, wuta tana kewayawa a cikinsa ya ɗauki zafi. Faifai mai inganci yana da dabarar gano baƙon ƙarfe: yana kwatanta wutar da ya tura da wadda waya ta ce ta samu, idan giɓin ya yi yawa sai ya tsaya, galibi ki ga fitilarsa tana ƙiftawa. Amma ƙaramin abu kamar fil yana iya shan wutar da ba ta kai ta tayar da wannan ƙararrawa ba, alhali ta isa ta zafafa shi, tun da jikinsa siriri ne. Takardar shaidar da faifan ke nuna wa waya tana tabbatar da cewa samfurinsa ya ci jarrabawa kuma daga kamfanin da ya ambata ya fito. Ba ta ce komai ba game da abin da ke kan teburinki a daren nan.

Maganar kan caja da kika kawo ita ce ta sa na ajiye wasiƙarki a ƙarshe. A watan Fabrairun 2024 masu bincike daga Jami'ar Florida tare da kamfanin tsaro na CertiK sun wallafa wani gwaji da suka sa wa suna VoltSchemer. Ba su taɓa faifan ba, ba su taɓa wayar ba. Wata 'yar na'ura suka saka tsakanin kan caja da faifai, tana girgiza ƙarfin wutar da ke shiga bisa wani tsari da suka shirya, har faifan ya ɗauka cewa waya ce ke masa magana. Da haka suka danne muryar wayar lokacin da take cewa a tsaya, suka kuma yaudari dabarar gano baƙon ƙarfe. Sun gwada a kan faifai tara da ake sayarwa a kasuwa, duka sun faɗa tarkon. Wayar da suka gwada ta kai digiri 81 a ma'aunin Salshiyos, ɗan ƙarfen maƙale takarda kuwa ya kai digiri 280, zafin da ya isa ya kunna takardar da yake riƙe da ita. Sun kuma iya sa makirfon waya ya ji umarnin murya da kunnen mutum ba ya ji. Dalilin da ya sa tantancewa ba ta da abin cewa a nan a bayyane yake: faifan na gaske ne, takardunsa na gaske ne, saƙonnin sarrafa wuta ne ba su da sa hannu, don haka duk wanda ya iya kwaikwayonsu za a saurare shi.

Ba ina cewa wani ya dasa miki irin wannan na'ura ba ne, Hajiya. Fil ɗin kaɗai ya isa ya bayyana abin da ya faru. Abin da gwajin ya nuna, wanda ya shafe mu a nan Kaduna fiye da waɗanda suka yi shi, shi ne faifai yana dogara ƙwarai da tsabtar wutar da ake ba shi. Aikin kan caja ne ya karɓi wutar gida mai bolt 230 ya mayar da ita ƙarama, tsayayyiya, mara rawa. Na taɓa riƙe kan caja biyu masu kama ɗaya a teburin wani mai gyara a Tudun Wada, ɗaya da nauyinsa, ɗaya kamar fanko. Da ya fasa mara nauyin sai muka ga kusan rabin cikinsa fili ne, an bar wuraren da ya kamata a dasa kayan tace wuta da ramukansu a buɗe. Irin wannan, idan ya haɗu da ƙaramin janareton da muryarsa ke hawa da sauka duk lokacin da aka kunna firji, abin da yake miƙa wa faifan ba wutar da aka gwada shi da ita ba ce a masana'anta.

Saboda haka ki sa ɗanki ya duba takardar da ta zo da faifan, ya ga wat nawa ake buƙata daga kan caja, ya samo miki na kamfanin ko wani mai inganci da ya kai wannan adadi, ki ajiye tsohon. Kafin ki ɗora waya ki shafa hannu a kan faifan da bayan rigar wayar, ki kuma cire katin ATM idan kina saka shi a cikin rigar kamar yadda mata da yawa ke yi, domin zafi da maganaɗisu suna iya lalata shi. Kada ki ajiye faifan a kan katifa ko ƙarƙashin matashi, musamman a watannin Maris da Afrilu da ɗakunanmu ke yin zafi tun kafin a kunna komai. Idan aka tayar da janareto, ki jira muryarsa ta daidaita kafin ki jona.